Kwazar Baba da Sarkin Musu

"Yau dai za ki ba ni amsa, Auta. Na gaji da yi wa mutane kwana-kwana."

Mama ce take magana daga bakin ƙofar ɗakin Baba, fuskar nan a ɗaure tamau. Auta na durƙushe gaban keken marasa lafiya da yake zaune a kai tana saka masa safa a ƙafar da ba ta motsi. Ta ji sarai, amma ta yi kamar safar ce ta ƙi shiga.

"Da ke nake."

"Mama, yau fa muke zaman kwamiti. Ki bari in dawo."

"Ai shi ma can za shi, ba shi ne shugaban naku ba? Me ya rage bawan Allahn nan bai yi mana ba? Ranar da ubanku ya faɗi, wa ya saɓo shi a kafaɗa ya sauko da shi daga bene? Wa yake kai shi gashin ƙashi? Abokin yayanki ne tun suna yara, aikinku ɗaya, kowa ya shaide shi. Ke kuwa kullum sai a bari ki dawo, kamar wadda ake lallashi ta sha magani."

Gaskiya Mama ta faɗa, kuma abin da ya fi ci wa Auta rai ke nan. Da Shugaba yana da wani aibu, da ta samu abin kamawa. Ba shi da shi. Mutum ne mai sanyin hali, ko tsawa bai iya ba. Laifinsa ɗaya, in ya yi sallama gabanta ba ya faɗuwa.

Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana take yi masa nauyi, sai ya tsinci kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Kwamiti... ba a makara," ya ce. "Tafi."

Ta ɗauki jakarta ta fito. Mama ta biyo ta har bakin ƙofar gida, ta rage murya don kada Baba ya ji.

"In kuma wancan yaron ne har yanzu a ranki, ki tofar da shi. Wallahi muddin ina numfashi ba zai sake taka gidan nan ba."

Wancan yaron. Mama ba ta kama sunansa, ko na tsokanar da Baba ya raɗa masa da kansa, wato Sarkin Musu.

Baba farfesa ne na ilimin sararin samaniya, kuma a kan kwaza ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ga wanda bai sani ba, kwaza tsakiyar wani tarin taurari ce mai nisan gaske, inda wani ƙaton baƙin rami yake haɗiyar iskar gas. Kafin gas ɗin ya faɗa ciki sai ya yi zafi har ya dinga haske, ciki har da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar duniyarmu tana shanye wannan hasken tun kafin ya iso ƙasa, don haka mai son ganinsa sai ya nemi aron madubin hangen nesa da ke kan tauraron ɗan adam. Madubin ɗaya ne, masu nema kuwa duniya guda. A kan sa'o'insa ake yin rububin da ya fi na layin ruwa.

Da tsohon madubi Baba ya gano wata kwaza mai ban mamaki. Daga ƙasa tana haske kamar 'yan uwanta, amma eksire ɗinta kusan babu. Baba ya ce wani abu mai kauri ne ya lulluɓe zuciyarta. Ya yi suna da ita, har a gida ake ce mata kwazar Baba. Mama kan ce ita ce babbar 'yar gidan, su Yaya da Auta ƙanne ne.

Sarkin Musu ɗalibin Baba ne, wani dogo mai mantuwa da maɓallin riga. Ka ce masa ina kwana sai ya tambaye ka hujja. A falonsu yake cin abincin rana, ya yi musu da Baba, ya yi da Yaya, ya juyo kan Auta. Ita ma ba ta ragawa. A cikin musun nan so ya shiga, babu wanda ya ga shigarsa sai Mama, kuma a lokacin dariya take yi tana ƙara masa nama.

Sai aka harba sabon madubi. Sarkin Musu ya samu lokaci, ya sake duba kwazar Baba, ya same ta tana zuba eksire tangaran kamar kowace kwaza. Ya kawo wa Baba kafin kowa ya gani. Baba ya ce ya buga abin da ya gani, amma ya rubuta cewa bai san dalilin bambancin ba. Shi kuwa da ƙuruciya da taurin kai, sai ya rubuta cewa awon farko kuskuren na'ura ne. A wani babban taro aka haska takardar a bango, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, Baba yana zaune a layin gaba. Bai ƙara shekara a wurin aiki ba ya ajiye. Bayan 'yan watanni ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne. Mama ta ce wancan yaron ne.

Rabon Auta da magana da shi tun wata rana a ƙarƙashin matakalar cibiyar binciken taurari da suke aiki, tana kuka yana kuka.

"Da ka sassauta kalma ɗaya," ta ce masa. "Kalma ɗaya tak."

"Abin da na gani na rubuta, Auta. Baba ne ya koya min kada in ji tsoron kowa a gaban lissafi."

"Shi ya koya maka ka ce ya yi kuskure alhali ba ka tabbatar ba?"

Ya buɗe baki, a karon farko tun da ta san shi musu ya ƙi zuwa. Ya share fuska da bayan hannu.

"Ki ce in jira, zan jira. Ko shekara nawa ne."

"Ba zan ce ka jira ba. Ba kuma zan iya cewa ka tafi ba. Ka ƙyale ni kawai, don Allah."

Ya ƙyale ta kuwa, ƙyaliyar da ta fi duka ciwo. Ginin ofishinsa na kallon nata, amma sai dai ta hango shi. A bakin mutane ta ji cewa kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, kuma in bai samu lokacin madubi a wannan zagayen ba, tattara kayansa zai yi ya tafi wani kamfani a wata ƙasa, ya bar taurari har abada.

Bana aka sa Auta a kwamitin da ke raba lokacin madubin. Tsarinsu shi ne, takardun masu nema suna zuwa babu suna, lamba kawai, don kada sanayya ta shiga. Kowace takarda akwai ɗan kwamitin da aka ba shi ya gabatar da ita, ya faɗi ƙarfinta da rauninta, sannan a tattauna a ba da maki. A cikin nata kason ta ci karo da lamba goma sha bakwai.

Mai takardar yana neman a sake duba kwazar Baba. Ya ce alamu daga madubin ƙasa da wani ƙaramin tauraron ɗan adam sun nuna ta fara dusashewa kuma. In haka ne, to ba kuskuren na'ura ba ne tun farko. Kwaza ce mai rufe fuska ta buɗe, awon farko ya same ta a rufe, na biyu ya same ta a buɗe. Ya ce takardar da ta ƙaryata awon farko ta yi gaggawa, ta yanke hukunci a kan abu mai canzawa da kallo ɗaya, ta zalunci aiki mai kyau.

Auta ba ta kai shafi na biyu ba ta gane mai ita. A zanen da ke ciki, an rarraba tsohon awon Baba zagaye bayan zagaye, yadda ba a taɓa bugawa ba. Mutum uku ne a duniya suka taɓa zama a kan waɗannan alƙaluman a teburin cin abincinsu. Ɗaya yana kan keke, ɗaya ita ce.

Ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka har ta gode Allah. Sarkin Musu, wanda ko a kan gishirin miya ba ya cewa na yi kuskure, ya zauna ya yanka kansa da hannunsa, a takardar da babu sunansa, don ya wanke Baba.

Doka a fili take. Wanda ya gane mai takarda, kuma akwai wata alaƙa ta kusa tsakaninsu, sai ya faɗa ya fita daga ɗakin har a gama. Auta ta san dokar kamar sunanta. Ta kuma san a kwamitin nan babu wanda ya san irin waɗannan kwazar kamar ita. In ta zauna ta gabatar, za ta iya tsaya wa takardar kai da fata. In ta fita, ta bar ta a hannun mutanen da za su ce an riga an duba wannan kwazar, a ba wani. Amma zama yana nufin ta nuna wa kowa, har da kanta, cewa shi ba kowan kowa ba ne a wurinta.

Kullum sai ta ce gobe za ta sanar. Goben ba ta zo ba har ranar zama ta zo.

Ɗakin kwamiti a hawa na uku yake, dogon tebur, butar shayi a gefe, na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara kamar tsohon firji. An karɓe wayoyinsu tun a ƙofa. Shugaba na can kan tebur da farar riga a goge, ya yi mata ɗan murmushin nan nasa na haƙuri. Kusa da ita wata tsohuwar farfesa ce mai rataye tabarau a wuya, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, don babu wanda ba ta yi wa faɗa ba.

Aka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Kafin kowace takarda sai Shugaba ya tambaya ko akwai mai alaƙa da ita, a yi shiru, a wuce. Auta tana magana in an zo kanta, amma ba ta san me take faɗa ba. Shayinta ya huce ba ta taɓa ba.

"Lamba goma sha bakwai."

Gwaggo ta ɗaga tabarau ta yi tsaki. "Wannan kuma mai zafin kai ne. Ni ban san me yaron nan Sarkin Musu ya yi masa ba, ya bi takardarsa ya yi mata kaca-kaca haka. Ko a kotu ai ana barin mutum da wandonsa."

Aka yi dariya. Ban da Auta. Ga shi tun ba a fara ba sun ɗauki takardar a matsayin ta mai ƙiyayya, kuma ita kaɗai ta san ba haka ba ne.

"Gwaggo, a bari a buɗe tukuna," in ji Shugaba. Ya dubi mutane. "Akwai mai alaƙa da wannan?"

Shiru. Abin da ake nema daga gare ta bai fi ta ci gaba da yin shirun ba. Abin da ya rage kawai shi ne ta buɗe takarda, ta yi bayanin da ta shirya, ta cece shi, ta ceci sunan Baba, ta koma gida ta ce wa Mama to. Kowa ya samu nasa. Ta dubi zanen nan na alƙaluman Baba, ta tuna yadda yake riƙe fensir a baki yana gardama, ta ji wata irin kewa ta taso mata tun daga ciki har idonta ya yi zafi. Shi ya yarda ya rasa mutuncinsa don ya faɗi gaskiya. Ita kuma za ta saka masa da ƙarya, a ce da ƙarya aka ba shi madubin?

Kujerarta ta yi ƙara. Ta miƙe.

"Ina da alaƙa."

Shugaba ya ɗaga hannu a hankali. "In don Farfesa ne, zauna abinki. Mun duba wannan tun kafin a ba ki. Ya yi ritaya, kuma ofis ya tabbatar ba ya cikin masu nema. Doka ba ta hana ki ba."

Allah sarki, taimakonta yake yi. Ya buɗe mata ƙofar komawa da hannunsa, bai san me yake yi ba.

"Ba don Baba ba ne."

"To don me? Babu suna a takardar."

"Na gane mai ita."

"Ganewa kaɗai ba ta fitar da mutum. Dukanmu mukan yi zato. Sai in akwai..." Ya tsaya. Ta ga lokacin da abin ya fara isa gare shi, murmushin ya janye daga fuskarsa. Amma shugaba ne, dole ya ƙarasa tambayar. "Wace irin alaƙa ce?"

Ta riƙe bakin tebur.

"Ba zan iya yi masa adalci ba," ta ce. "Son shi nake yi. Ban taɓa dainawa ba."

Wani ya ajiye kofi a hankali. Gwaggo ta sake duba takardar, ta dubi Auta, ta rufe baki da hannu, alamar ta gane mai ita, amma tsohuwar hannu ce, ba ta kama suna ba.

Shugaba ya daɗe yana kallon alƙalaminsa.

"An ji," ya ce. "Gwaggo za ta gabatar. Za a kira ki in an gama."

Auta ta fita ta ja ƙofar.

Barandar babu kowa, sai wani benci da tukunyar fure da ta bushe. Ta tsaya jikin taga. Ta cikin ƙofa tana jin tashin muryoyi, ba ta jin kalmomi. Wata murya ta hau, wata ta katse ta. Ko Gwaggo faɗa take yi masa, ko faɗa take yi dominsa, Allah kaɗai ya sani.

Can ƙasa, a filin da ke tsakanin gine-ginen, sai ga Sarkin Musu ya fito.

Ya rame. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, maɓallin sama a ramin da ba nasa ba. Yana tafe da wani abokin aiki, hannu yana yawo a iska, musu dai yake yi. Auta ta dafa gilashin. Da za ta buɗe tagar ta kira shi, zai ji. Da za ta ce masa na karanta, na gani, na gode, ka ci abinci don Allah.

Da suka iso inda hanya ta biyo ta gindin gininsu, sai ya tsaya, ya ja abokin nasa suka kewaya ta bayan wurin ajiye motoci, doguwar hanya cikin rana. Ya san kwamiti na zaune a sama. Mai takarda a gaban kwamiti ba ya ko giftawa ta wurin, kada a ce ya zo nuna fuska. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Ta bi bayansa da ido har ya sha kwana, sannan ta zauna a bencin ta rufe fuska da mayafi.

Ƙofa ta buɗe. Shugaba ne da kansa, bai aiko kowa ba.

"An gama da ita. Ki shigo, mun wuce ta gaba."

Ta miƙe tana neman wani abu a fuskarsa. Babu komai, kamar an shafe allo.

"Kada ki tambaye ni," ya ce.

"Ban tambaya ba."

"Idonki ya tambaya." Ya jingina da bango, ya sauke numfashi. "Na daɗe da sani, Auta. Duk ranar da na zo gidanku, ƙofa kike kallo, ba ni ba. Na ce ko in na yi haƙuri wata rana za ki gaji da kallon ƙofar."

"Ka yafe min. Wallahi ban so ka ji a gaban mutane ba."

"Ni na tambaya, ke kika amsa. Da kin yi min ƙarya a ɗakin can, da ita za ki ci gaba da yi min a gida." Ya gyara hannun riga. "In mun tashi zan kira yayanki in ce na janye. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai fita daga bakina ba, kin san doka. Don haka dalili, ke za a tambaya."

Da la'asar ta isa gida. Motar Yaya na ƙofa, an ajiye ta a karkace, alamar a fusace ya zo. Tana shiga falo ta tarar da Mama zaune a ƙasa ta jingina da kujera, ido ya kumbura. Yaya na tsaye yana kaɗa makulli.

"Me kika yi masa?" in ji Yaya, ko amsa sallamarta bai yi ba. "Mutum ya kira ni murya kamar an yi masa mutuwa, wai ya janye, wai kada in tambaye shi. Me kika ce masa?"

"Gaskiya na gaya masa, Yaya."

"Wace gaskiyar?"

Mama ta ɗago. "Bar ta, ni na san gaskiyar. Shi ne ko? Wancan yaron ne."

Auta ta durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana gudun wannan tambayar, yau kuwa da ta riga ta faɗa a gaban baƙi, sai ta ji ba ta da sauran wurin ɓuya.

"Shi ne, Mama."

"Innalillahi." Mama ta dafe ƙirji. "Ni na ciyar da shi da hannuna. Ni nake cewa a ajiye masa nasa in ya makara. Ya tashi ya tsaya a gaban duniya ya mayar da ubanki abin dariya. Ke kike saka wa ubanki safa kullum, Auta, ke kike goge masa baki. Ba ki gani ne?"

"Ina gani, Mama. Kullum ina gani. Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Na yi addu'a Allah ya cire min shi, na daina bin hanyar da yake bi, na goge lambarsa, ashe tana kaina. Ban iya ba."

"Ba ki iya ba!" Yaya ya buga makulli a kan tebur. "Sai ki iya zubar mana da mutunci."

Mama ta kama hannayenta biyu, ta matse, hawaye na bin kumatunta.

"To faɗa min abu ɗaya. Ɗaya tak nake nema, in samu abin da zan riƙe in kalli fuskarsa. Tun da abin nan ya faru, ya taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure? Ya taɓa yin wani abu don ya wanke sunan ubanki? In akwai, faɗa min yanzu, ni da kaina zan aika a kira shi."

Amsar tana bakin Auta, har tana jin nauyinta a harshe. Jimla ɗaya ce, gidan nan ya huce. Amma ta san Yaya, kafin magariba ya kira mutum goma. Magana ta fita cewa 'yar kwamiti ta kai sirrin takarda gida, kuma ko da an ba shi lokacin, soke shi za a yi. Ta riga ta hana shi bakinta a ɗakin kwamiti. Ba za ta zo gida ta ƙarasa shi da bakin ba.

"Ba zan iya faɗa ba, Mama."

"Ba za ki iya ba, ko babu?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a hannun Mama.

"Babu ke nan," in ji Mama, ta saki hannayenta.

Sai suka ji ana buga hannun keke daga ƙofar ɗaki. Baba ne, ya turo kansa da ƙafa ɗaya har bakin falo, babu wanda ya lura. Allah ya san tun yaushe yake wurin.

"Auta. Zo."

Ta rarrafa ta je gabansa. Ya daɗe yana kallonta da idon nan da ciwo bai taɓa ba. Baba ya zauna a kwamitin nan shekaru da yawa kafin ita, ya san abin da ake faɗa a waje da abin da ba a faɗa.

"Yau... kin fita daga ɗaki?"

"Baba, ka san ba zan iya..."

"Na sani."

Ya shiga haɗa abin a kansa kamar yadda yake haɗa lissafi. Shugaba ya janye ranar zama. An tambayi 'yarsa ko yaron ya yi wani abu don wanke shi, ba ta ce babu ba, cewa ta yi ba za ta iya faɗa ba. Leɓensa ya motsa.

"Ta sake... kwazar... ta sake du..."

Ya katse kansa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya toshe bakin Auta da shi, duk da ba ta buɗe ba.

"A'a. Kada ki faɗa. Ko ni... kada ki faɗa."

Hawaye suka gangaro masa, ta ɓarin da yake ji da ɓarin da ba ya ji. Tun ranar da ya faɗi ba su taɓa ganin kukansa ba sai yau. Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana shessheƙa, shi yana shafa kanta, kowannensu ya riƙe bakinsa.

"Wai me ake yi ne a gidan nan?" in ji Mama, ta miƙe tana kallonsu. "Ku yi min magana irin ta mutane."

"Ki bar ta," in ji Baba. "Har... sakamako ya fito."

"Wane sakamakon? Yaushe?"

"Sai an yi watanni, Mama," in ji Auta, murya can ƙasa.

"Watanni. To in ya fito babu komai a ciki fa? Ta kori na hannu, wancan ya tattara ya bar ƙasar, sai ta zauna da wa?"

Baba ya juyo ya dubi Auta, Yaya ma ya dube ta, duk suna jira. Ita kuwa ba ta san ko an ba shi madubin ba. Lokacin da aka yanke hukuncin tana waje, kuma ita da hannunta ta ja ƙofar.